Kwanon Rufi a Ƙarƙashin Katifa

Ranar da kuɗin tallafi suka fara shigowa wayar matar Lauya, abu ɗaya ne a ranta: ta rufe ɗakinta da kwano. Shekara goma sha ɗaya tana kwana ƙarƙashin jinkar da ta fi rariya huji. Da hadari ya haɗo sai ta hau jera robobi da tukwane, har ta san wace kusurwa ce ke fara ɗiga.

Mijin nata ba lauya ba ne. Gadin ƙofar kotu ya yi shekara biyu a birni, aka sallame shi saboda barci, ya dawo ƙauye da "a doka" a bakinsa. Ko akuya ce ta shiga gonar wani, sai Lauya ya faɗi abin da doka ta ce.

Wata ƙungiya ce ta zo ta rubuta gidajen marasa ƙarfi, ta ce duk wata za a turo kuɗi a wayar matar gida, ta yi abin da ta ga dama da su. Gida kuwa ya canza. Aka koma ɗora tukunya sau uku a rana. Sabulu ya daina zama abin da ake yankawa da reza. Yara suka samu takalma, autar ta fara kumatu. Matar Lauya kuma tana matse bakin zani tana ajiye ɗan abin da ya ragu, har ta sayi kwano bandir biyu, sabo fil, aka kawo a amalanke.

Lauya ya tare amalanken tun daga bayan gari, ya lulluɓe kwanon da karan dawa.

"Ke, kin ga inda mai tabarau ɗin nan ta kalla kafin ta rubuta sunanmu?" in ji shi. Ma'aikaciyar ƙungiyar yake nufi. "Sama ta kalla. Rufin nan shi ne takardar shaidarmu. A doka, duk wanda ya rufe ɗaki da kwano ya fita daga talauci. Ranar da suka dawo suka ga yana ƙyalli, sunanki ya goge."

"Malam, ai cewa suka yi mu yi abin da muke so."

"Haka ake faɗa. Ni na zauna da manya."

Ba ta yarda ba, amma ta ji tsoro. Wanda ya taɓa kwantar da yara da yunwa, ba wuya a tsorata shi da dawowar yunwar. Aka cire katakon gado, aka shimfiɗa kwanon, aka ɗora katifa a kai. Duk wanda ya juya a cikinsu sai gidan ya amsa.

Daga nan Lauya ya zama mai gadin talauci. Takalma a cikin gida kawai za a sa, in za a fita a tuɓe. Ranar da aka dafa nama sai an rufe ƙofa, ƙashin kuma a binne. Sabuwar rigarsa ma sai da ya ba ta ƙasa ta sha kafin ya sa. Kumatun autar ne suka fi damunsa.

"Yarinyar nan za ta tona mana asiri. A rage mata ƙwai."

"Wallahi ba za a rage ba," in ji uwar. Nan kam ta ci shari'a.

Maƙwabta ba su da lauya a gida, don haka suka yi ta rufe ɗakunansu. Kafintan ƙauyen ya rasa lokacin cin abinci. Kowane rufi ya tashi sai Lauya ya girgiza kai, ya ce jahilci mugun abu ne, za su gani.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Matar Lauya ta koma jeren robobi, sai dai yanzu robobin sababbi ne. Bangon baya na ƙasa ne, kullum yana shan ruwa, har ya fara kumburi. Ta nuna wa mijin tsagar da ta fito, ta sa yatsa a ciki har gaɓa biyu.

"Malam, bangon nan ba zai kai kaka ba."

"Madalla. In sun zo ki fara nuna musu nan."

Wata Laraba da rana, ana tsakiyar ruwa, suna fakewa a rumfar girki, suka ji rugum. Bangon ya zauna, jinkar ta bi shi. Ba wanda ya ji ciwo. Matar Lauya ta tsaya tana kallon ɗakin da ta haifi 'ya'yanta huɗu a ciki, baƙin ciki ya hana ta ko kuka. Lauya ya zagaya tarin ƙasar, hannu a baya.

"To," ya ce, "yanzu dai ba mai cewa mun yi arziki."

Kwana biyu bayan haka mai tabarau ta iso a bayan babur. Lauya ya tare ta cikin yagaggiyar riga, ya kai ta gaban kufan yana tari. Ta yi musu jaje, sannan ta sunkuya ta duba wani abu da ke ƙyalli a ƙarƙashin jiƙaƙƙiyar katifa.

"Baba, wannan ba kwano ba ne?"

"Na maƙwabci ne. Ajiya."

"Nawa ne," in ji matar. Ta gaji. "Wata huɗu muna kwana a kansa. Aka ce in mun rufe ɗaki za ku cire mu."

Mai tabarau ta cire tabaran ta goge. "Inna, wa ya ce? Ba mu taɓa cire kowa ba. Shekara ɗaya ce ga kowa, da mai kwano da mai jinka. Yau ma sallama na zo yi, wannan watan ne na ƙarshe."

"Ko da mun rufe?"

"Ko bene kika gina."

Lauya ya jira babur ya sha kwana, sannan ya sauke murya. "Gwaji ne. Haka suke yi, su ga wanda zai saki jiki. A doka..."

Ba ta tsaya jin dokar ba. Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta kira yaran, suka ture katifa suka zaro kwanon ɗaya bayan ɗaya. Ta jingina su a bangon da ya rage, ta tokare da katakon gado, ta danne da duwatsu. Ba ɗaki ba ne, kaza ma sai ta yi shawara kafin ta shiga. Amma kafin la'asar hadari ya sake haɗowa, ta tura yaran ciki, ta shiga ta zauna.

Ruwa ya sauko, yana dukan kwanon da ƙara har ba a jin magana. Ta ɗaga kai tana jiran ɗigo. Shiru. Sai a lokacin hawayen suka zo, ta bar su suka zuba.

Lauya ya leƙo daga waje, ruwa na bin gemunsa.

"Ke, ɗan matsa mana in shigo."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"A'a, Malam, tsaya nan. Kada su dawo su tarar da kai a bushe."