Hannun Agbenyega

Sandar farko a kan gangar ta sauka, fatar ta yage. Ta biyu ta sami Agbenyega a hannun dama da ya miƙa don ya kare ta. Ya ji ƙashi ya ce ƙas, ya zube a yashin tsakar gidansa da rana tsaka.

"Tsohon banza!" in ji Dotse, masunci daga unguwar bakin tafki. Ƙannensa na bayansa riƙe da sandunan tuƙin kwalekwale. "Uwata za ka tono daga kabari ka zaga?"

Shi fa Agbenyega tun farko bai so ba. Sedinam ce, 'yar ƙanensa mai binciken kiɗan ƙabilarsu ta Ewe a jami'a, ta tare a gidan da na'urar ɗaukar murya. Ya kaɗa mata na biki, ya kaɗa mata na makoki, duk ba su ishe ta ba. Ita halo take so, waƙoƙin zagin da unguwanni ke jifan juna da su a da, har hukuma ta hana saboda jinin da suke jawowa.

"Baffa, tarihi ne kawai," ta ce masa. "Waɗanda aka zaga duk sun mutu."

Da duk karatunta ta manta cewa matattu suna barin 'ya'ya. Shi kuma, da furfurarsa, ya biye mata. Ya kaɗa, ya rera wadda ta ambaci uwar Dotse da suna, da satar kifin da aka ce ta yi a kasuwar garin Keta, da mazan da suka kore ta. Iska ta kwashi waƙar har bakin tafki.

Dotse ya ɗora ƙafa a kan karyayyen hannun ya murza. Agbenyega ya kurma ihu.

"Dotse, ɗana, bar min hannun! Da shi nake ci!"

Sedinam ta yi kukan kura ta riƙe rigar Dotse. Mari ɗaya ya watsar da ita gefe, na'urar ta faɗi a yashi.

"Kun zaci ba mu da amsa?" Dotse ya ce. "A bakin uwata na koye ta. Buɗe kunnenka."

Ya tsaya a kan tsohon ya fara rerawa, ƙannensa na buga sanduna a ƙasa suna amshi. Amsar unguwar bakin tafki ce, wadda Sedinam ta yi ta nema ana ce mata ta mutu da masu ita. Zagin uban Agbenyega ne tsantsa, baiti bayan baiti.

Cikin azaba Agbenyega ya hango Sedinam ta rarrafo wajensa, leɓenta na jini. Ransa ya yi sanyi, ya ɗago mata hannun, yatsun na reto.

Ta miƙa hannu ta bayansa ta ɗauko na'urar, ta hure yashin, ta saita ta wajen bakin Dotse.

"Baffa, don Allah rage nishin," ta ce a hankali. "Yana shiga ciki."