Yadda Aka Faɗa wa Inna

Basira ta sauka daga adaidaita a Gyaɗi-Gyaɗi da maganar da ta fi ƙarfin bakinta. Kawu Shamsu ya cika da hantsi a asibiti, ita kuma aka aiko ta sanar da Inna, mahaifiyarsa, kafin a kawo shi bayan azahar. Ga Inna da hawan jini. Sai da nas ta ja mata kunne: kada a faɗa wa Inna gatsau.

A soro ta toge. Nan Mama Laraba ta same ta, maƙwabciyarsu 'yar Kafanchan, tsohuwar malamar firamare. Kallo ɗaya ta yi mata ta gane.

"Goge fuskarki. Biyo ni, kar ki ce komai."

Inna na tsakar gida tana tsinke zogale. Mama Laraba ta zauna gefen tabarma ta sa hannu a tiren zogalen.

"Hajiya, ɗazu na tuna ranar da Shamsu ya faɗa kwata da kayan Sallah."

Inna ta yi dariya. "Ja'iri! Ke kika wanke shi, kina masa faɗa da yarenku."

"Sai shekarar ƙyanda. Mun ɗauka ba zai kwana ba."

"Allah ya bar min shi."

"Ya bar miki kuwa. Har ya girma, ya rufa miki ɗakin nan da kwano."

Basira na rakuɓe jikin bango tana saurare. Ta lura can baya Mama Laraba ta koma, tana tahowa da Inna sannu a hankali, shekara bayan shekara, har zuwa yau.

"Ran da Malam mai gidanki ya rasu ma shi ya riƙe ki. Me ya ce miki lokacin?"

Hannun Inna ya tsaya cak cikin ganyen.

"Cewa ya yi, Inna, aro aka ba mu."

Ta ɗago ta dubi Mama Laraba. Ta dubi Basira. Sannan idonta ya sauka kan filas ɗin kunun da ta aika masa da safe, yana hannun yarinyar.

"Yaushe?"

"Da hantsi, Inna."

Inna ta ja innalillahi har ƙarshe. Basira ta zuba wa ƙirjinta ido: yana hawa yana sauka, numfashin bai sarƙe ba.

Can Inna ta ture tiren gefe, ta kamo hannun maƙwabciyarta.

"Laraba, kin tsallake ranar da kika kai shi makaranta ya gudo. Faɗa min kafin su iso."