Fentin da Ya Ƙi Baƙon Hannu

Shekara huɗu na yi ina neman fentin da zai hana ƙarfe tsatsa ko da ruwan gishiri ya kwana a kansa, kuma na samu. Farantan ƙarfe shida na shafa, na saka a akwatin feshin gishiri, suka yi wata huɗu suka fito fes. Daga ranar kaina ya kumbura, ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa.

Lauyar kamfaninmu ce ta sauke ni ƙasa. Mace ce mai magana a hankali kamar tana auna kalmomin da sikeli.

Ta ce, "Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce, 'yar'uwa. Hukuma ta ba ku shekara ashirin ba mai kwaikwayonku, ku kuma ku bayyana yadda ake haɗin, har wanda bai taɓa ganinki ba ya karanta ya yi. In ya kasa, takardar ba za ta tsayu ba."

Sai muka aika bayanin zuwa wani ɗakin gwaji na waje, bayan sun sa hannu kan riƙe sirri. Fentin ya fito musu da gudaji, kamar simintin da ruwa ya taɓa. Na ce ba su iya karatu ba. Suka sake, gudaji. Ga manaja ya riga ya kama rumfa a baje kolin masana'antu da saura kwana tara, lauya kuma ta ce muddin aka nuna fentin a bainar jama'a kafin mu shigar da takarda, shi ke nan, ya zama na kowa.

Ran nan na zage na haɗa da kaina a babbar tukunyar masana'anta, ina bin takardata layi-layi. Ni ma gudaji na samu. Na zauna kan wani durom, tsoro ya kama ni sosai.

Washegari wajen karin kumallo maigidana, wanda bakanike ne, ya gaji da ganin fuskata a murtuke.

"Wai wa ke haɗa wanda yake yin kyau ɗin?"

"Baban Tukunya mana. Shekara ashirin yana kan injin damawa. Abin da na rubuta yake bi."

"Kin taɓa tsayawa kin gani? Ni dai in mota ta ƙi tashi a hannun kowa sai direbanta, ba littafin motar nake buɗewa ba."

Na harare shi, don ya yi gaskiya kuma ban so ba.

Na sami Baban Tukunya yana goge bakin injin, na ce yau zan kalli haɗin daga farko. Tsohon ya ajiye tsumman gogewar. Ya zuba ruwan sinadarin, ya kunna inji, komai daidai. Da aka zo layi na bakwai, inda na rubuta a juye buhun hoda mai kilo ashirin da biyar, ya sunkuya ya kama buhun. Ya ɗaga shi zuwa gwiwa, fuskarsa ta yamutse, buhun ya koma ƙasa.

Ya ce, "'Yata, rufa mini asiri. Kafaɗar nan ta fi shekara ba ta ɗaukar kaya. In manaja ya ji, gida zai tura ni."

"To yaya kake zubawa, Baba?"

Ya zaro wani tsohon gwangwani daga bayan injin. Da shi yake ɗiba, kaɗan-kaɗan. Ya ce da farko lalura ce, amma sai ya lura in ya yi sauri fentin yakan yi tsaki-tsaki, don haka ya riƙa gwadawa har ya tsaya kan ƙirga talatin tsakanin gwangwani da gwangwani. Na duba agogo har ya gama. Minti ashirin da shida, abin da takardata ta ɗauka aikin daƙiƙa goma ne. Fentin ya fito sumul.

Kunya ta rufe ni. Shekara huɗu ina miƙa wa mutumin nan takarda ta taga, ban taɓa tsayawa na ga hannunsa ba.

Muka auna gwangwanin, na gyara layi na bakwai, muka sake aikawa. Kwana uku aka kira ni daga ɗakin gwajin, aka ce ba gudaji ko ɗaya. Lauya ta karanta sabon layin sau biyu, ta cire tabarau.

"Wannan matakin shi ne ƙashin bayan abin. Wa ya gano shi? Doka ta ce a rubuta duk wanda ya ƙirƙira."

Na so na ce ni ce, ba zan ɓoye ba. Amma na koma wurin Baba, na ce ba zan faɗi komai ba sai da izininsa, domin in sunansa ya shiga, maganar kafaɗa za ta fito. Ya daɗe yana juya gwangwanin a hannu, sannan ya ce a faɗa, ya gaji da ɓoyo.

Manaja ya yi faɗa, ba na wasa ba, amma faɗan na rashin sanar da shi ne. Ya sa a kai Baba asibiti, ya kuma ce injin zuba hoda da za a sayo, Baba ne zai saita shi, tunda ba wanda ya san saurin sai shi.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu baje koli, lauya ta shimfiɗa takardun a teburinta. Baba ya shigo sanye da kayan aikinsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana duban kafet, wai takalmansa da fenti. Ta jawo masa kujera, ta nuna masa layin masu ƙirƙira, inda sunansa yake ƙarƙashin nawa. Ya bi haruffan da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ashe har da sunan mahaifina suka sa." Sannan ya goge tafinsa a wando, ya karɓi biron.