Jan Zare a Hannun Inna

Inna Tsahara ta ɓoye cikinta cikin manyan hijabai har ya tsufa, don kunyar a ce tana goyon ciki tare da ni, 'yarta ta fari. Duk garinmu Jiratawa an sani, amma kowa ya yi kamar bai gani ba.

Ranar da naƙuda ta kama ta da hantsi, Baba yana Tibiri. Ba wanda zai kai ta asibiti sai mijina Ya'u, surukin da ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ta hau bayan babur ɗinsa kamar wadda za a kai yanka. Na bi su a kabu-kabu da nawa tulun cikin.

Ungozomar, Madam Priskila, ta ce ga yadda suke yi yanzu: a auna jini, a yi tambayoyi, a haɗa maki. Mai ƙaramin maki a ɗaura mata koren zare, ta haihu a nan. Mai babba kuwa jan zare, a wuce da ita Maraɗi inda akwai jinin ƙari.

"Inna, haihuwa nawa?"

Ya'u, sarkin rashin dabara, yana tsaye jikin taga riƙe da kwandon kaya. Inna ta saci kallonsa.

"Huɗu," in ji ta.

"Kin taɓa zubar da jini bayan haihuwa?"

"A'a."

Madam ta miƙa hannu ga koren zare. Ni na wanke zannuwan haihuwar autanmu Abdu, na san abin da na gani. Amma a ce ɗiya ta ƙaryata uwarta, gaban suruki kuma? Aka fara ƙulla zaren.

"Madam," na ce, "wagga ta goma ce. Kuma waccan karon sai da ta suma don jini."

Ya'u ya ajiye kwando ya sulale. Inna ta ja hijabi ta rufe fuska. Da ƙasa ta tsage da na shige, wallahi.

"Wace ce wannan a gare ki?" Madam ta tambayi Inna a hankali.

"Wata ɗiyar maƙwabta ce," in ji Inna.

Na san al'ada ce, ba ta taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Amma ranar maganar ta yi mini ciwo.

Aka ɗaura ja. Har Maraɗi ba ta dube ni ba. Ta haifi namiji da la'asar, sai jini ya ɓalle kamar an kwance famfo. Saboda zaren nan, an riga an sa mata allura a jijiya, an tanadi jinin da ya dace da nata. Na zauna a baranda ina kuka, kunya da tsoro sun haɗe mini.

Da aka bar ni na shiga, tana kwance ta juya wa ƙofa baya, zaren yana hannunta. Na tsuguna nesa.

"Inna, ki yahe mani."

Wata ma'aikaciya ta leƙo tana tambayar wa zai kwana da Inna.

Inna ba ta juyo ba. Da muryar da ba ta fita sosai ta ce, "Ɗiyata na nan. Rahmatu."