Rijiyar Gidan Gangare

Alhaji Maccido yana da gida a gangaren Goronyo, inda gari yake sauka zuwa fadama, kuma tun da ya koma sabon gininsa na tudu gidan yake rufe. Gidan ƙasa kuwa ba ya jure zama babu kowa. Idan ba mai toshe tsaga da share indararo, damina kaɗan ta isa ta kwantar da shi. Saboda haka da aka gaya masa cewa wani Uwaisu, manomin gero da 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyensu na ƙasar Rabah, yana neman haya, sai ya ɗauki makulli da kansa ya je nuna masa.

Uwaisu ya zo da tambayoyinsa a shirye, irin na wanda aka taɓa cuta. Ya tambaya ko gidan na gado ne da ba a raba ba, kada wata rana wani magaji ya ɓullo ya ce a tashi. Ya tambayi wanda ke yin yaɓe idan katanga ta zube, da wanda ke yashe masai, da ko maƙwabta za su haƙura da awakin da ya tsira da su. Ya kuma so ya ji ko Alhaji zai riƙe ɗaki ɗaya ya zuba albasa, domin a gidan da suka fara sauka warin albasar mai gida ya hana mahaifiyarsa Tani sakat, ita da ƙafa ta daina ɗaukarta, sai dai a ɗaga ta a aje.

Maccido ya amsa kowace da gaskiya, har ya ji daɗin kansa.

Sai suka zo bakin rijiya. Uwaisu ya zura guga, kafin ya saki rabin igiyar gugan ya taɓa ruwa. A ƙauyensu mata kan ja igiya har tafin hannu ya yi kanta. Ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa.

"Alhaji, wanga ruwa ai da ƙwarya za a ɗibe shi. Ni na gama tambaya."

Duk wanda aka haifa a bakin gulbi ya san ma'anar rijiya marar zurfi. Ruwan da ke kusa da rani, da damina cikin ɗaki yake kwana. Amma mutumin tudu rashin ruwa ya sani, bai san yawansa ba, don haka tambayar ba za ta taɓa zo masa ba. Maccido ya dubi bangon da ya sa aka yaɓe bara, wanda ya rufe shaidar inda ruwa ya tsaya. Ya gaya wa kansa cewa ba a tambaye shi ba, kuma bai yi ƙarya ba, kuma ba kowace shekara gulbin Rima ke batsewa ba. Duka gaskiya ne. Sai dai hoton tsohuwar a kan tabarma, ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya ƙi barin idonsa.

"Malam Uwaisu, akwai wadda ba ka yi ba," in ji shi. "Ba ka tambayi mi gulbi ka yi ma gidanga ba."

Ya sa hannu daidai gwiwarsa ya nuna masa inda ruwa ke kaiwa. Ya ce in an saki ruwan madatsa, wani lokaci akan sami labari da wuri, wani lokaci kuwa sai dai mutum ya ji sanyi a ƙafa.

Uwaisu ya naɗe igiyar gugan a hankali.

"Inna ba ta gudu, Alhaji. Can ma goya ta ni yi."

Daga nan ya roƙi a ba shi gidan na rani kawai, su fita kafin ruwan shuka. Wannan shi ne lokacin da Maccido bai buƙaci kowa a ciki ba, kuma ya san haka. Ya miƙa masa makullin duk da haka, ya ce surukinsa Isa yana da ɗakuna a tudu, kusa da kasuwa, inda za su iya yin damina, zai yi masa magana bayan sallar Juma'a.