Haruffa Biyu a Ƙirjin Kunkuru

Tun watan Yuni kunkurun yake wurin Darlene Stidham, kuma har yau ba ta san daga inda ya fito ba. Wata safiya ta tarar da shi a bakin ƙofarta cikin kwalin takalmi, ƙoƙon bayansa ya tsage, alamar tayar mota. Shekara ashirin da biyu tana jinyar kunkuru a bayan gidanta a gabashin jihar Kentucky ta Amurka, kuma a jikin ƙofar ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa duk wanda ya kawo kunkuru ya faɗi inda ya tsince shi. Amma mutane, Allah ya shirye su, sun fi son su yi alheri su gudu.

Ta wanke raunin, ta haɗa ƙoƙon da gam da siririyar waya. Cikin wata uku ya warke sarai. Yana cin tana da tumatir, in ta taɓa shi ya ja kai da ƙafafu ya rufe kansa ruf kamar akwati. Abu ɗaya ya rage, shi ne kuma babba. Irin wannan kunkurun ba a sakinsa sai a inda ya tashi. Ko an kai shi dajin da ya fi nasa kyau ba zai zauna ba, tafiya zai yi ta yi yana neman gida har mota ta take shi ko sanyi ya kashe shi a fili. Wanda ba a san gidansa ba, sai dai ya ƙare rayuwarsa cikin shinge. Darlene tana da irinsu guda tara, kullum suna bin jikin katako suna neman ƙofa, kuma ta rantse ba za ta ƙara na goma ba.

Ga shi Oktoba ta kama. Nan da mako biyu raɓa za ta fara daskarewa, lokacin da kunkuru ke binne kansa cikin ganye ya kwanta sai bazara. Abin da take da shi a hannu kawai shi ne wani tsohon zane a ƙirjinsa, wanda aka yi da bakin wuƙa: H.C. 59.

Ta bi coci uku, ta je wurin mai aski, ta je shagon abincin dabbobi, inda aka yi mata dariya.

"Darlene, kunkuru kike nema wa gida, ko miji kike nema wa kanki?"

"In na samo mijin zan kawo muku shi ku auna," ta ce, ta wuce.

A rana ta biyar ta je wurin Opal, wadda ta yi shekara talatin tana raba wasiƙu a ƙauyukan nan. Opal ta gyara tabarau ta dubi hoton zanen da Darlene ta miƙa mata.

"Hobart Caudill ne. Babu icen da bai zana sunansa a kai ba tun muna makaranta. Yana gidan kula da tsofaffi a cikin gari, 'yarsa Rhonda ta kai shi bana."

Darlene ta same shi zaune a bakin taga, dogon tsoho, sanye da takalmin aiki kamar mai shirin fita. Ta buɗe kwali ta juya kunkurun a hankali. Hobart ya daɗe yana kallo kafin ya kai yatsa kan haruffan.

"Kai, tsohon banza. Ashe kana nan?"

"Baba Hobart, ka san wuƙar nan ta yi masa zafi? Ƙoƙon nan da kake gani yana ji."

"Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, a 1959, 'yata. Mahaifina ya riga ki, har yau ina jin bulalar." Ya yi dariya. "Duk bazara yakan zo ya ɓata mini tumatir. Shekara sittin da wani abu muna faɗa da shi."

"A ina yake kwana?"

"Ƙasan idon ruwa, wajen icen da tsawa ta raba. Ba za ki gane ba ko na zana miki. Sai dai in kai ki."

A nan Rhonda ta shigo da kayan wanki a hannu. Tana ganin kwalin ta tsaya cak, fuskarta ta sauya. Ta jawo Darlene waje.

"Ni na ajiye shi a ƙofarki," ta ce, murya ƙasa ƙasa. "Ranar da na rufe gidan gonar Baba na gan shi a lambu, na ce bari in kawo shi gari, Baba ya riƙa ganinsa. Na sa shi a bayan gidana, ga ciyawa, ga ruwa. Kwana biyu ya haƙa ƙarƙashin shinge ya hau titi, mota ta taka shi. Kunya ta hana ni rubuta komai."

Ran Darlene ya ɓaci da ta tuna wata huɗu na jira. Amma ta dubi idon matar, ta ga gajiya, sai ta haɗiye fushinta.

"Ya wuce. Ki ba ni aron babanki na awa biyu."

"A'a. Sau biyu yana fita daga nan da ƙafa, sai a bakin babban titi aka kamo shi, wai gida za shi. Ya faɗi sau uku a gonar nan shi kaɗai. In ya sake ganinta, da me zan dawo da shi?"

"Ban sani ba," Darlene ta ce. "Abin da na sani, in raɓa ta daskare kafin in kai kunkurun nan, ya zama ɗan shinge. Gobe zan dawo in sake tambayarki, jibi ma haka."

Sau uku ta dawo. A na huɗu Rhonda ta ɗauko makullin mota.

Hanyar ta ƙare a bakin gidan gona, tagoginsa a rufe. Hobart, wanda a gari sai an riƙe shi, ya shige gaba da sandarsa yana kauce wa saiwoyin da ganye ya rufe. Rhonda na biye da shi, hannunta a miƙe ko zai faɗi. Suka gangara har idon ruwa. Ga icen nan, a rabe biyu, rabi ya bushe.

Darlene ta durƙusa ta ajiye kunkurun. Ya daɗe a rufe. Can ya buɗe, ya miƙa wuya, jajayen idanunsa suna duba wurin. Bai yi zagayen nan da 'yan shinge ke yi ba. Ya juya hagu ya miƙe, ya bi ta ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen gungume, ya fara kutsa kai cikin ganye. Daɗi ya cika Darlene.

Hobart ya tsaya har ganyen ya daina motsi. Ya dubi idon ruwan, ya dubi rufin gidansa ta cikin itatuwa. Rhonda ta buɗe baki za ta fara lallashi, ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi, Rhonda. Na san hanyar mota."

Ya hau gangaren da kansa, ya zauna a kujerar baya, ya ɗora kwalin da babu komai a ciki a kan cinyarsa. Sai da suka hau kwalta ya yi magana.

"To, ɗayanmu dai ya koma."