Kofin Baba Ettore

Gidan gahawa na Marengo da ke birnin Genoa a Italiya, wanda ko lokacin yaƙi bai rufe ƙofa ba, yana rufe tun ranar Talata. Mai gidan, Ottavia Marengo, jikar jikan wanda ya kafa shi, ta rufe shi bayan wani mafarki.

Al'adar gidan ita ce kowane ɗan gari yana da kofinsa. In ya mutu sai a kife kofin a kan katakon bango, ba a ƙara sha da shi. Da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa, Ottavia ta sa aka sauko da kofunan matattun aka wanke don a zuba wa baƙi, har da na mahaifinta, Ettore.

Ranar Talatar da azahar zazzaɓi ya kama ta, ta kifa kai a tebur.

Sai ga teku ya shigo ɗakin har gwiwa, shiru, ba igiya. Matattu na zaune: matuƙan jirgi, masu buga jarida, sojoji da laka a kafaɗa. Tsohuwar butar tagulla ta gidan tana yawo a kan ruwan, tana zuba wa kowa gahawa a tafin hannu.

"Biyo ni, uwar gida," in ji butar. "Waɗannan sun daɗe, sun haƙura da ƙuna. Sabon zuwa ne abin ji."

Bango ya ja baya. A ƙarshen ɗakin mahaifinta yana tsaye, ruwa ya kai masa ƙirji.

"Baba, zauna mana."

"Da wane kofi, 'yata? Wani baƙo ya sha da nawa, har da madara. Da rana tsaka!"

"Wanda aka sha da kofinsa ba shi da kujera," in ji butar. "Kife shi kafin ruwa ya kai baki."

Ta miƙa masa nata. Ya ɓoye hannuwansa a baya.

"In na karɓa, naki za a kife."

Ruwa ya taɓa haɓarsa. Ta yi ihu, ta farka, goshinta a kan teburin marmara mai sanyi.

Nan take ta sallami baƙi ta sa sakata. Kofunan duk farare ne, ba suna, ba alama. A da, mazauninsu a kan katako ne ke nuna mai su. Har yanzu ba a gano na Ettore ba.